Ƙusa Ta Ashirin

Mijina ya yi shekara talatin da ɗaya yana kula da ɗakin makamai na masu gadin gandun daji, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa harbin ko zomo ba. Tudun yashi yake harbi. Idan mutane suka ji aikinsa sai su gyara zama, su ɗauka wani jarumi na aura. Ni da na san shi, mutum ne da idan ƙadangare ya faɗo ɗaki sai ya ƙwala mini kira in zo in kore shi.

A wurin aiki Baba Ashirin suke ce masa, har manyansa. Ni Baban Dogo nake kiransa, saboda ɗanmu na fari tun yana shekara goma sha uku ya kere uban tsawo.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne sabuwar bindiga. Yakan ce sabon bututun bindiga kamar sabon takalmi yake, akwai kaushi a ciki da ido ba ya gani, idan aka yi masa gaggawa sai ya riƙe halin har tsufansa. Idan an kawo sababbi a akwati, sai ya fara wanke maiƙon da aka shafa musu a kamfani. Sannan ya ɗauki ɗaya ya zagaya bayan ɗakin, inda aka jibge yashi, ya harba harsashi ɗaya tak. Ya dawo ya zare sakatar bindigar, ya jiƙa ɗan ƙyalle da wani ruwan magani mai wari da ke hawa har ƙwaƙwalwa, ya tura shi da doguwar sandar ƙarfe daga baya ya faɗo ta baki. Na farko yakan fito baƙi ƙirin. Na biye toka-toka. Can sai ka ga shuɗi-shuɗi, wannan jan ƙarfen jikin harsashi ne da ya goge a ciki. Sai ƙyalle ya fito fari sannan ya sake fita ya harba ɗaya. Haka zai yi ta yi har sau goma, bindiga ɗaya ta ci masa yini biyu, masu jira suna ta tsaki a waje, shi ko a jikinsa.

Ƙyallayen nan ni nake yanka masa. Na kanti, in ji shi, suna barin zare a ciki. Don haka babu zanen gadon da ya taɓa tsufa cikin mutunci a gidanmu. Da ya fara laushi sai in ga maigida yana shafa shi yana satar kallona, in ce masa, "Ka bari dai mu tashi daga kai tukuna." In wanke, in goge, in yanka faɗin yatsa uku, in ɗaure ashirin-ashirin da zare. Tun ina amarya nake yi.

Yana da ƙane guda ɗaya, Auta, wanda shi ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu, a gidanmu kuma yake zaune. Auta ya sha bamban da yayansa. Surutu, dariya, buɗe tukunya kafin a sauke. "Matarmu" yake ce mini, ni kuma in bi shi da ludayi. Da ya samu shiga aikin gadin daji, aka yi sa'a an kawo sababbin bindigogi, yayansa ya zaɓar masa ɗaya ya yi yini uku a kanta, ba biyu ba. A fitarsa ta farko ɓauna ta taso musu, Auta ya ɗaga ya harba sama don ya tsorata ta. Bututun ya tsage a tsakiya kamar an ɓare ayaba. Wani ɓallin ƙarfe ya shiga ta idonsa na dama. Kafin a fito da shi bakin titi ya cika.

Masu bincike suka ce harsashin ne ya lalace, suka rufe takarda. Mijina bai rufe ba. Ya koma ɗakin makamai ya share ƙasa, ya tattara ƙyallayen ɗaurin ƙarshe da ya yi aiki da su, ya ƙirga. Goma sha tara ya samu. Kowa a wannan sana'a ya san abin da ƙyalle ɗaya da aka manta a bututu yake yi idan harsashi ya zo ya same shi a hanya.

Ya dawo gida ya tsaya a ƙofar kicin. "Nawa kika yanka?"

Na ce, "Ashirin mana."

Ban yi ƙarya ba, ashirin na yanka. Sai bayan kwana uku, gida cike da masu gaisuwa, abin ya faɗo mini. A safiyar da na ɗaure wannan ɗaurin, Dogo yana wata huɗu, yana kafaɗata ya yi tumbuɗi. Na miƙa hannu na zari ƙyalle ɗaya na share masa baki na jefa a shara. Goma sha tara mijina ya tafi da su.

Ba zan wanke kaina ba. Shekarata ashirin da biyu a lokacin, surukata na zaune tana kuka tana neman wanda za ta ɗora wa, ni kuma wautata ta nuna mini cewa idan na buɗe baki za a ce da hannuna a ciki. Na ce bari a watse tukuna. Aka watse, na ce bari ya ɗan samu natsuwa. Shi kuma bai taɓa cewa "ni na kashe shi" ba, balle in samu ƙofar shiga. Kafin in gane irin nauyin da ya ɗauka, shekara ta zagayo, maganar ta yi mini girma a baki. Kullum da na yi shiru, gobe sai ta fi wuyar faɗa.

A wannan shekarar ya samo katako ya kafa masa ƙusoshi ashirin, layi huɗu, ya rataye a bango saitin teburin aikinsa. Duk ƙyallen da ya faɗo daga bakin bindiga, kan ƙusa zai hau. Idan ɗauri ya ƙare dole ƙusoshi su cika, kuma babu bindigar da za ta fita ɗakin nan da ƙusa ɗaya tsirara, ko da shugaban gandun ne ya tsaya a kansa. Daga nan sunan Baba Ashirin ya samo asali. Matasan ma'aikata suna yi masa dariya a bayan ido, amma ban taɓa jin wanda ya yarda wani ya goge masa bindiga in ba shi ba. Ni ma tun daga lokacin sau biyu nake ƙirga kowane ɗauri, da ƙarfi, kamar mai koyon lissafi.

Tsagaggiyar bindigar Auta ba a jefar ba. A shekarun farko yakan ɗauko ta ya zura sanda yana neman ko ɓurɓushin zare, bai taɓa samu ba. Daga baya ya naɗe ta a buhu ya kulle a wata kabad ta ƙarfe a kusurwar ɗakin.

Aikin ƙarshe a kan kowace bindiga shi ne ya ɗaga ta saitin taga ya leƙa ta baya, ya ga haske ya ratsa. Wata rana da rana tsaka, muna zaune ina tsefe kaina, ya ce mini, kamar mai ba da labarin farashin taya, "Kin san wani lokaci in na leƙa ba taga nake gani ba?"

"To me kake gani, kasuwa?"

"Ido. Na dama. Can ƙarshen bututun."

Na ce masa warin maganin nan ne ya fara taɓa masa kai. Ya ce ba fushi idon yake yi ba, kallo kawai yake, kuma ba ya ƙiftawa. Ya ce a sababbin bindigogi kaɗai yake zuwa. Na yi dariya na ci gaba da tsifa, kuma ranar ma ban faɗa masa ba.

Da Dogo ya ce aikin gadin daji zai shiga, sai da maƙwabta suka ji muryata. Na ce duk ayyukan duniya bai ga na yi ba sai wanda ya cinye kawunsa? Da na juya kan uban sai ya ce, "In ya shiga nan, ni zan riƙa duba masa bindiga. In ya tafi wani wuri, wa zai duba?" Na shiga ɗaki na buga ƙofa.

Lokacin da abin da zan faɗa ya faru, saura wata huɗu mijina ya yi ritaya, kuma yanar ido ta rage masa gani. Ya ɓoye wa kowa a wurin aiki. Hannunsa ya san komai, zai iya kwance bindiga ya ɗaure a cikin buhu, amma ba ya iya bambance fari da shuɗi-shuɗi a kan ƙyalle. Hancinsa kuwa maganin nan ya kashe shi tun tuni. Shi ya sa na tsiri kai masa abinci kullum da rana. Mutane na cewa tsofaffin nan soyayya ta dawo musu sabuwa. Ni dai in na ajiye kwano sai in tsaya gaban katako in ce a hankali, "Ƙyalle na sha bakwai da saura, na sha takwas ya yi fari."

An kawo sababbi goma sha biyu a wannan watan. Ta Dogo ya bari a ƙarshe. Ranar Talata ce, yini na uku a kanta. Da safe na yanka masa ɗauri daga wani zanen gado mai siraran layuka shuɗaye, wanda matar Dogo ta kawo mana shekara uku da suka wuce. Na ƙirga sau biyu.

Ɗakin makaman bango ne mai kauri, taga ɗaya mai sandunan ƙarfe, ƙofa ta ƙarfe. Ko rana na tsaga ƙasa a waje, ciki da sanyi kamar bakin rijiya. Na iso da kwanona na tarar da mijina yana dawowa daga ofis, an kira shi sa hannu a takardun ritaya, sun riƙe shi kusan awa guda. Ya buɗe muka shiga tare. Ya nufi tebur, ya miƙa hannu inda ya bar bindigar, hannun ya sauka a kan katako.

Mai oba-oba, wato ma'aikacin da ke kula da rediyon kiran 'yan daji, wanda shi ke riƙe da makulli na biyu, ya leƙo daga ɗakinsa. "Baba, giwaye ne suka shiga gonakin arewa, aka ce a fita yanzu-yanzu. Dogo ya ga an mayar mata da sakata, ya ce ai kun gama. Ya sa hannu ya ɗauka."

"Tun yaushe?"

"Minti arba'in ke nan."

Mijina ya juya ga bango ya fara bin ƙusoshi da yatsa, layi-layi. Ni da ido na riga shi isa. Ta ƙarshe, can ƙasa a dama, babu komai a kanta.

"Nawa kika yanka?"

Muryar ce dai ta ƙofar kicin, ko kaɗan ba ta tsufa ba. Na ce, "Ashirin. Wallahi ashirin, sau biyu na ƙirga."

Kwanon ya suɓuce daga hannuna. Muka bi ƙasa da rarrafe, ni da shi, tsofaffi biyu. Ƙarƙashin tebur, bayan akwatuna, aljihunsa, bakin sandar gogewa, kwandon shara, har takalminsa na sa ya cire. Babu. Kuma duk wanda ya san korar giwa ya san yadda ake yi, sama ake harbawa, Dogo kuma shi ke gaba kullum saboda shi ake hangowa.

Mai oba-oba ya jawo na'urarsa har bakin ƙofa yana kira. Hanyar gonakin arewa ta cikin wani kwari take bi, inda magana ba ta shiga ba ta fita. Mota biyu ce a wurin, ɗaya ta tafi da su Dogo, ɗayar kuma tana kan duwatsu, an cire mata taya tun makon jiya. Ya kira, ya sake kira. Shuuu kawai muke ji. Na tsaya ina sauraron wannan shuuu ɗin har na fara jin kamar numfashi a cikinsa, a ja, a saki, a ja, a saki. Na kalli mai oba-oba in ga ko shi ma ya ji. Ya kawar da kai.

Da na waiwayo, mijina yana tsaye gaban kabad ɗin kusurwa yana lalube a cikin makullansa.

"Baban Dogo, me kake yi? Ɗanka na daji, kai kana nan kana tonon tsohon ƙarfe?"

"Yana kallona," ya ce.

"Wa?"

Kwaɗon ya yi tsatsa, makulli ya shiga ya ƙi juyawa. Ya ɗiga masa mai, ya ƙi. Sai da ya sa guduma. Da idona na ga ƙofar ta buɗe tana yage yanar gizo-gizo, na ga ƙura kwance a kan buhun, na ga gidan zanzaro ya bushe a kan igiyar da aka ɗaure bakinsa, sai da ya fasa shi kafin ya kwance. Shekara goma sha ɗaya, in ji shi, rabonsa da buɗe wurin.

Ya zaro bindigar Auta. Tsagarta a buɗe take har yanzu, ƙarfen ya lanƙwashe gefe-gefe. Ya ɗaga ta saitin taga ya leƙa ta baya, ya daɗe.

"Babu haske," ya ce. "A toshe take."

Ya kwantar da ita a tebur, ya ɗauki sanda ya zura. Na ji lokacin da sandar ta ci karo da wani abu. Ya tura a hankali. Ƙyalle ya fito ta wurin tsagar ya faɗo kan katako.

Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a gabana kamar ranar ba. Ya zauna a ƙasa dirshan. "Ga shi nan," ya ce. "Na sani. Shekara ashirin da shida na sani yana ciki. Ni na kashe yaron nan. Yau kuma na ƙara da nawa."

Na ɗauki ƙyallen. Sanyi ƙalau, a jiƙe, warin magani na tashi daga jikinsa. Fari ne tas, irin wanda ake gama aiki da shi. A gefensa ga siririn layi shuɗi.

Na kai shi gaban katako na jera da sauran goma sha tara. Layi ya hau layi.

"Baban Dogo, wannan na yau ne."

"Kar ki lallashe ni."

"Zanen matar Dogo ne, da safen nan na yanka shi. Kai ba ka gani, ni ina gani. Miƙo hannunka." Na danna masa shi a tafi. "Ƙyallen shekara ashirin da shida ne zai zauna a jiƙe? Wannan ne na ashirin. Babu komai a bindigar Dogo."

Ya murza shi tsakanin yatsu, ya murza. Ya juya fuska wajen kabad ɗin, ya juyo wajen kwaɗon da ke ƙasa a karye. Ɗakin ya yi tsit, sai shuuu ɗin nan daga bakin ƙofa.

"To na Auta fa?" ya ce. "Ina na Auta yake?"

A nan ne na faɗa. Na durƙusa a gabansa a kan simintin nan mai sanyi na ce babu na Auta, ba a taɓa yin na Auta ba. Na faɗi tumbuɗin, na faɗi sharar, na faɗi kwana ukun da duk shekarun da suka biyo baya. Ban yi kuka ba sai da na gama. Shi kuwa yana zaune da ƙyalle a hannu, fararen idanunsa a kaina, ban san iyakar abin da suke gani ba.

Oba-oba ta yi ƙara, muryar Dogo ta faso ciki da dariya. Sun kori giwayen, in ji shi, babu wanda ya ji ciwo. "Ka gaya wa Baba na harba uku, bindigar nan kamar man shanu!"

Mijina ya dafa tebur ya tashi. Ya lalubi ƙusa ta ashirin ya rataye ƙyallen. Sannan ya naɗe bindigar Auta ya mayar, ya tura ƙofar kabad ɗin, ya ce wa mai oba-oba a samo sabon kwaɗo.

Yadda ƙyallen ya shiga can, ban sani ba. Dogo ya ce tsufa ne, wataƙila Baba ya buɗe da safe ya manta. Na ce masa to, don ba shi ya ga gidan zanzaron ba. Mai oba-oba kuwa bai ƙara yarda ya shiga ɗakin shi kaɗai ba har aka yi masa canjin wurin aiki.

Mijina ya yi ritaya, aka yi masa aikin ido, ya dawo yana ganin har zaren da ke jikin labule. Kafin ya bar aiki ya horar da wanda ya gaje shi, kuma duk lokacin da aka kawo sababbi sukan aiko a ɗauke shi ya je ya leƙa. Bai taɓa ɗaga mini murya a kan maganar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Yana cin abincina, yana tsokanata a kan gishiri, ni kuma ina jira, wata da watanni.

Sai wata rana da la'asar, ya dawo daga irin wannan leƙen, ya zauna a bakin gado yana cire takalmi.

"Guda takwas na duba yau," ya ce. "Taga kawai na gani."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Tun ranar da kika faɗa mini bai sake zuwa ba." Ya ajiye takalmin ya daidaita su gefe da gefe. "Shekara ashirin da shida, duk sabuwar bindiga ina ganin ƙanena. Ko hotonsa ba mu da shi, kin sani. Ban san ko in gode miki ba, Maman Dogo."

Bai ƙara tayar da maganar ba har ya rasu, bara waccan, a kan gadonsa, a kan zanen da babu wanda zai yanka. Katakon yana nan a ɗakin makamai, Dogo ya ce har yanzu da shi ake aiki, kuma sababbin ma'aikata sun ɗauka doka ce daga sama.

Almakashin yana cikin akwatina. Ranar da jikata ta miƙo mini bututun takarda ta ce in leƙa in ga abin mamaki, na ce mata idona na ciwo. Ko kwalbar mai zan wanke, ba na ɗaga ta saitin taga, jijjigawa nake yi in kife ta.